Ƙarti Uku a Saman Bene

Duk wanda ya gaya muku korata aka yi daga makaranta, ku ce masa ya ji tsoron Allah. Da ƙafata na fito, bayan na lura malaman ba su gane irin ƙwaƙwalwata ba. Su so suke mutum ya riƙa karatu kullum kaɗan-kaɗan, kamar kaza na tsintar tsaba. Ni kuwa tsarina daban ne: in bar littafi ya huta tun farkon zango, ana gobe jarrabawa in haɗiye shi gaba ɗaya. Da sakamako ya yi ta fitowa da jan biro, sai na ga zama da mutanen da ba sa yaba hikima ɓata lokaci ne. Na tattara komatsaina na koma gidan Yayata, aka ba ni ɗakin bakin ƙofa.

Mijin Yaya katifu yake sayarwa. Mutumin kirki ne, aibinsa guda: ba ya son ganin mutum a zaune. Kullum in ya fito zai tafi sai ya leƙo ɗakina ya ce, "Auta, shago fa na neman hannu."

Shagon nan bene ne. A ƙasa ake ciniki, a sama ake ajiye kaya. Hannun da yake nufi shi ne wanda zai wuni yana hawa da sauka da katifa a ka. Ni! Mai irin wannan kan!

Ana cikin haka ya sayar da tsohuwar motarsa, gareji ya zama fanko. Wani mai walda da ke aiki a gindin bishiya ya fara zarya yana neman a ba shi. Ni kuma a makon nan ina zaune a shagon aski, na ga wasu ƙatti a talabijin suna ɗaga ƙarfe, damtsensu kamar an cusa kwakwa. Nan take na gane abin da aka halicce ni domin shi. Na je na tsuguna gaban mijin Yaya na ce ya ba ni aron mukullin gareji, zan buɗe gidan motsa jiki.

Yaya da ke tsintar wake ta ɗago kai. "Kai da ko bokitin wanka sai an ɗauko maka?"

"Yaya, koci ba ya ɗaukar bokiti. Koci umarni yake bayarwa."

Mijin Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya jefo mini mukullin. "Aro ne fa. In na ga abin kirki, ka riƙe. In ban gani ba, mai walda na nan."

Kayan aiki ba su ba ni wahala ba. Na samo gwangwanayen fenti, na kwaɓa siminti na cika su, na soka tsohon bututun ruwa a tsakani. Da suka bushe na gwada ɗaga guda, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, na ajiye shi da ladabi. To, koci kuma dole ɗalibai su ga yana ɗaga abin da ya fi nasu. Sai na nemo manyan gwangwanaye biyu, na danƙara musu yankakken soso na katifa da na kwaso daga shago, na shafe bakinsu da ɗan siminti, na yi musu baƙin fenti. Duk wanda ya ga wannan ƙarfe zai rantse jaki ba zai ja shi ba. Na kafa doka: ba mai taɓa ƙarfen Koci, don yana iya tsinka wa mutum hanji.

Ɗalibai uku na samu. Na farko mai askin nan, siriri, hannunsa kamar sandar rake, ya gaji da tsokanar da abokan ciniki ke masa. Na biyu Tela, wanda zaman keke ya lanƙwasa masa baya. Na uku Akawu, ma'aikacin ofis, wanda likita ya ce in bai rage tumbi ba, tumbin zai rage shi. Ranar farko na tsaya gabansu, na yi nishi, na murtuke fuska, na cira ƙarfena sama da hannu biyu. Daga nan na saki hannu ɗaya na sosa kunne.

Mai aski ya ce, "Kai! Koci, a ina kake ɓoye wannan ƙarfin? Jikinka ai duk ƙashi ne."

"Nawa na ciki ne. Na waje na masu nuna kai ne."

Daga ranar muka shiga aiki. Aikin kuwa shi ne: mu haɗu da yamma, a shimfiɗa tabarma, a dafa shayi, in yi musu bayani a kan ƙwanji. Kowa ya ɗan taɓa ƙarfensa, Tela ya zaro tef ɗin awo ya auna damtsen kowa. Tela mutum ne mai son zaman lafiya, saboda haka kullum yana ɗan sassauta tef ɗin, kowa ya tafi gida da labarin ya ƙaru. Akawu ma ya ƙaru, sai dai ba a damtse ba.

Mutum ɗaya ne ya hana ni sakat. Tsohon malaminmu na wasanni, wanda tun muna makaranta muke kira Malam Hagu-Dama. Ya yi ritaya, kansa fari fat, amma kowace safiya sai ya zaga unguwa da sauri yana kaɗa hannu, kamar wanda ya manta tukunya a wuta. Wata rana ya tsaya ƙofar garejin ya ƙare wa gwangwanayen kallo.

"Auta, fenti ka koma sayarwa?"

"Malam, Koci ake cewa yanzu. Shigo mu gina maka jiki, wannan yawon naka ba ya tara tsoka."

"To, Koci. Mene ne ƙarfin jiki?"

Na naɗe hannun riga na nuna masa wurin da ƙwanji zai fito.

Ya ce, "Shi ke nan?"

"Akwai na ɗaya hannun."

Ya girgiza kai. "Wanda zai yi aikinsa na yini bai galabaita ba, ya hau bene bai tsaya haki ba, ya sunkuya ya ɗaure takalmi bai kira sunan mahaifiyarsa ba, shi ne mai lafiyar jiki. Akwai ƙarfi, akwai juriya, akwai laushin gaɓɓai. Kuma duk a hankali ake samunsu: yau kaɗan, gobe hutu, jibi a ƙara kaɗan."

Kun ji ko? Kaɗan-kaɗan. Maganar da ta raba ni da makaranta, ita ce ta biyo ni har gareji. Na ce, "Malam, wannan tsohon yayi ne." Ya yi murmushi ya wuce, hagu, dama, hagu, dama.

Ranar wata Laraba muna cin abinci, mijin Yaya ya ce ranar Asabar babbar mota za ta kawo masa katifu, yana neman 'yan dako su hau da su sama. Da na yi shiru da yanzu ina da gareji. Amma bakina ba ya neman shawarata.

"'Yan dako? Ina da ƙarti uku a gareji kana neman 'yan dako? Ai wannan cin fuska ne."

Yaya ta ce, "Ƙartin shayi?"

Mijin Yaya ya ajiye cokali. "Da kyau. Dama ina neman hanyar da zan ga abin da kake yi. In suka sauke motar nan suka kai kaya sama, gareji naka ne. In suka kasa, mukulli na mai walda, kai kuma ranar Litinin ka fara shago. Ka yarda?"

"Na yarda. A sa shaida."

Yaya ta ce, "Ni ce shaida, kuma zan zo da kujerata."

Ban tsaya nan ba. Na bi unguwa gida-gida ina shela cewa ranar Asabar za a ga abin da ba a taɓa gani ba a ƙofar shagon katifa. Sai da na gama na tuna ɗalibaina tunda muka fara ba wanda ya taɓa yin gumi, in ba na shayi mai zafi ba. Hankalina bai tashi ba. Ai wannan jarrabawa ce, ni kuma na san yadda ake yi wa jarrabawa. Atisayen wata guda za mu haɗiye a yini ɗaya.

Ranar Alhamis da yamma suka iso, Akawu har da ɗan biredinsa a leda. Suka tarar ba tabarma, ba butar shayi, sai ni da usur a wuya.

Matsala ɗaya ce: ban san wani atisaye ba. Duk darasin wasanni a bayan ajin nake yinsa, ina kallon tsuntsaye. Amma da na zurfafa tunani sai na ga ashe ina da ilimi mai yawa, domin babu irin gwale-gwalen da ba a sa ni ba a makarantar nan. Tsallen kwaɗo, na ƙware. Kama kunne a tsuguna a tashi, ni ne limaminsa. Durƙuso da hannu a sama riƙe da dutse, har barci na taɓa yi a haka.

Na busa usur. "Kowa ya kama kunnensa!"

Tela ya ce, "Koci, laifin me muka yi?"

"Sabon salo ne, daga ƙasar waje. Tsuguna! Tashi! Tsuguna!"

Akawu ya ce, "Ba za mu ɗan miƙe jijiyoyi ba tukuna? Likita ya ce..."

"Likita ne zai hau da katifa? Tsuguna!"

Suka yi ta tsugunawa suna tashi har sai da gwiwar Tela ta fara ƙara irin ta kekensa. Na sa su tsallen kwaɗo daga gareji zuwa bakin titi su dawo. Mata suka fito ƙofar gida suna kallo. Matar Tela ta riƙe haɓa ta ce, "Maigida, bashi ka ci aka kama ka?" Ya so ya amsa, numfashi ya hana. Da suka dawo na ɗora wa kowa gwangwanin siminti a kafaɗa aka sake sabon lale. Mai aski ya nemi ruwa, na ce ruwa yana kashe wutar tsoka. Ni kuwa ina zaune kan ƙarfena, wanda dama yana da laushin zama, ina busa usur har kumatuna suka gaji. Kada ku ɗauka aikin koci ba wahala.

Ana tsakiyar haka Malam Hagu-Dama ya biyo ta wurin. Ya tsaya ya dubi Akawu da ke durƙushe, hannu a sama, gwangwani na rawa a kansa.

"Auta, wannan ai hukuncin da na yi maka ne ranar da ka sa ƙadangare a aljihun hedimasta."

"Ka ga kuwa amfanin da ya yi mini."

"Sun ɗumama jiki kafin su fara?"

"Malam, dubi gumi. In suka fi haka ɗumi ai sai su ƙone."

"Yaushe ne aikin naku?"

"Jibi."

Ya ce, "Jibi," yana jinjina kalmar kamar mai ɗanɗana miya. "Tsamin jiki gobe zai yi sallama, jibi ya shigo da kayansa. Ka ba su ruwa, ka bar su su huta. Kuma ka gaya musu hawa bene ba shi ne abin tsoro ba."

Ban tambaye shi abin da yake nufi ba. Koci ba ya tambaya a gaban ɗalibai.

Washegari tun da safe ƙorafi ya fara zuwa. Wanda ya fara sallama wani direban tasi ne, rabin kansa a aske, rabin da gashi. Ya ce mai aski ya kasa ɗaga hannu sama da kafaɗa, ya ce masa ya zauna a ƙasa, ya zauna. Da mai askin ya sunkuyo sai ya kasa miƙewa, yanzu haka yana can a lanƙwashe kamar ƙugiya.

"An ce kai ne ka lalata shi. To ga kaina, ƙarasa."

Na ce ai wannan askin shi ake yayi, ya zage ni ya tafi neman hula.

Bayansa matar Tela ta zo. Mijinta ya kasa taka keke, ita ya sa take takawa yana riƙe da ɗinki, ba su daidaita ba, sun haɗe ƙafafun wandon wani malamin makaranta sun zama siket. Akawu kuwa aike ya yi daga ofis: ya samu ya zauna a kujera, amma tashi ya gagara, har shugabansu ya shigo kowa ya miƙe ban da shi.

Da yamma suka jawo jiki zuwa gareji, kowa na tafiya kamar an sa masa wandon katako.

Tela ya ce, "Koci, mutuwa za mu yi?"

"Albishirinku! Wannan ciwon da kuke ji ƙarfi ne yake shiga. Ƙofa ce ta yi masa kaɗan, shi ya sa yake turawa. In muka tsaya yanzu zai maƙale a hanya."

Akawu ya ce, "To mene ne maganin?"

"A ƙara."

Na busa usur. Wallahi mutanen nan suna da biyayya. Da irinsu aka ba ni a matsayin malamai, da yanzu ina da digiri.

Ranar Asabar ƙofar shagon katifa ta cika. Masu shaguna na layin sun fito, direban tasi ya zo da hularsa, matar Tela ta zo da maƙwabtanta. Yaya ta kafa kujera a inuwa. Mai walda ya jingina da bango yana washe baki, har da ɗan zaren da zai rataya mukulli. Malam Hagu-Dama ma ya tsaya a gefe, hannu a baya. Babbar mota ta yi fakin, katifu jibge har sama, kowace cikin ledarta.

Ni na riga kowa zuwa da ƙarfena a kafaɗa. Na dire shi a ƙofar shago da nishi, na ɗaga shi sama, jama'a suka yi tafi. Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya tsare, ɗan nan, kada ka ɓalle."

Sai ga ƙartina sun ɓullo daga kwana. Tun daga nesa jama'a suka zuba musu ido. Mai aski na gaba, hannuwansa a buɗe kamar kazar da aka jiƙa. Tela na tafe a karkace. Akawu na baya, ƙafa a warwatse, yana taka ƙasa kamar ƙasar ce ke cizo.

Mijin Yaya ya ce, "Auta, lafiya suke?"

"Tafiyar ƙarfafa ke nan. Tsoka ce ta yi musu yawa, cinya ba ta haɗuwa."

Na busa usur. Direban motar ya turo katifa ɗaya. Su uku suka taru a kanta kamar masu ɗaukar gawa. Suka nufi matattakala, wadda ke ta waje a jikin bango, siririya, kowa na ganinsu. Suka fara hawa. Kowane taki da irin kukan da ke fita: Tela na kiran Allah, mai aski na kiran innarsa, Akawu na kiran likita. Amma fa sun hau. Suka kai katifar baranda suka jefar, suka dafa ƙarfen baranda suna haki.

Na juya ga jama'a. "Kun gani? Saura sauran!"

Direban babbar motar ya ce, "Ɗaya ke nan. Ku sauko, ina da wata tafiyar."

Akawu ne a gaba. Ya sauko da ƙafa ɗaya kan matakin farko, sai ya ƙwalla wata ƙara da ta sa tantabarun rufin shagon suka watse. Ya janye ƙafar da sauri ya zauna daɓas a bakin matattakala, ya cike hanyar gaba ɗaya.

"Koci, ƙafar ba ta lanƙwasuwa ta ƙasa!"

"To ya aka yi ta hau?"

"Hawa daban! Gwada ka ji!"

Tela ya ce a matsa masa shi zai iya. Ya raɓa ta gefen Akawu, ya sa ƙafa, cinyarsa ta yi rawa kamar wutar kyandir, ya rungume Akawu ta wuya. Mai aski ko gwadawa bai yi ba, ya leƙo ta baranda ya ce a gaya wa iyalinsa yana nan sama, a riƙa aiko masa da abinci.

Sai a lokacin na gane abin da Malam yake nufi. Na dube shi, ya ɗaga mini gira.

Dariya ta ɓarke. Matar Tela ta ɗaga murya, "Maigida, in turo maka keken can sama?" Direban tasi ya cire hula yana nuna wa mai aski rabin kansa, "Sauko ka ƙarasa mini, ɗan ƙarfi!" Direban babbar mota ya danna odar motarsa ba ƙaƙƙautawa.

Mijin Yaya ya matso kusa da ni. "Auta, ɗalibai sun maƙale. Amma ai ga malaminsu. Mutumin da ke ɗaga wancan ƙarfen, katifa wasa ce a wurinsa. In ka kai sauran kai kaɗai, maganarmu tana nan."

Jama'a suka ɗauka, "Koci! Koci!"

Na duba, na ga katifa ai soso ce, ni kuma a duniyar nan ba wanda ya kai ni sanin ɗaga soso. Na ce a ɗora mini biyu. Aka ɗora. Na ce a rage ɗaya, don kada in karya wa ɗalibai zuciya. Aka rage.

Ban tsaya wata miƙa ba, na kwasa da gudu don burgewa. Matakan farko lafiya lau. Kafin in kai tsakiya sai na ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Zuciyata na dukan haƙarƙari tana neman hanyar fita. Numfashi ya ce shi a nan zai sauka. Na tsaya, katifa ta rufe mini ido, gumi ya sa ledar tana zamewa.

Daga sama Akawu ya ce, "Koci, ƙarfi ne yake shiga?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, iska ta bugo katifar ta gefe. Ta juya, na juya da ita. Ta faɗi kan matattakala, na faɗa a kanta rub da ciki. Ledar nan kuwa santsi gare ta. Haka muka sulalo ni da ita, tatatata, muka wuce mijin Yaya, muka wuce mai walda, muka tsaya daidai ƙafar Yaya.

Ta dube ni daga sama. "Sannu da sauka, Koci."

Na ce, "Wannan ita ce hanyar saukowa ta zamani. Nuna musu nake yi."

Da a nan abin ya tsaya, da na san yadda zan gyara labarin. Amma Yaya ta tashi ta ce a buɗe hanya a shigar da kaya ƙasa tukuna, ga wannan tarkacen ya tare ƙofa. Ta nufi ƙarfena.

Na ce, "Yaya, kar ki taɓa! Hanjinki!"

Ta sa hannun hagu, na dama na riƙe da mafici, ta ɗauke shi cak. "Wannan? Ai kullum sai na ɗaga shi in zan share gareji." Ta wurgar da shi gefe. Ƙarfen da ake cewa jaki ba zai ja ba ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya sake yin tsalle. Ɗan simintin bakin ya fashe, soso ya yi ta bulbulowa, ja da shuɗi da rawaya.

Mijin Yaya ya tsinci guntu ɗaya ya duba. "Wannan ai nawa ne."

Na ɗaga kai na dubi baranda. Kawuna uku suka leƙo. Tela, mai son zaman lafiya, shi ya fara magana.

"Soso? Mu siminti, kai soso?"

Mai aski ya ce, "Ka hana ni ruwa kana zaune a kan katifa!"

Akawu ya ce, "Ku riƙe mini shi! Wallahi in na sauko sai na zauna a kansa!"

Na miƙe na karkaɗe riga. Na dubi matattakala, na dubi cinyoyinsu, sai na ji wani ƙarfin hali ya zo mini.

"To ku sauko mana."

Suka yunƙura su uku a tare, suka yi ƙara su uku a tare, suka koma suka zauna. Ku faɗi gaskiya, wane koci ne atisayensa ya taɓa kare shi irin haka?

Malam Hagu-Dama ne ya hau ya sauko da su. Ya sa kowa ya juya baya, ya riƙe ƙarfe, ya sauko da baya-baya a hankali kamar mai shiga rijiya. Akawu ko hakan ya gagare shi, da mazaunai ya sauko, mataki-mataki, jama'a na yi masa kirari. Malam ya sa aka ba su ruwa, ya ce su yi kwana biyu suna ɗan tattaki kawai. Sannan ya kaɗa hannuwa, ya murza kafaɗu, ya ɗan tsuguna ya tashi, ya ɗauki katifa. Shi da mai walda da yaran mota suka kwashe kayan tas. Tsohon nan bai yi gudu ba, bai kuma tsaya ba, yana hawa yana ba mai walda labarin ƙadangaren hedimasta.

Mijin Yaya ya miƙo mini tafin hannu. Na zaro mukulli na sa masa. Ya miƙa wa mai walda, shi kuma ya zura shi a zarensa a gabana, ya ce in na tashi kwashe gwangwanayen in bar masa biyu, zai riƙa tokare ƙofa.

Ranar Litinin na fara shago.

Yanzu ga abin da masu baƙin ciki ba sa faɗa. Da ɗalibaina suka warke, sai suka je wurin Malam suka ce ya koya musu gudu. Ya tambaye su dalili, suka ce akwai wanda suke son kamawa. Ya fara da su da tafiya, ya koma sassarfa, yau a yi, gobe a huta. Hanyar da suka zaɓa kuwa ita ce wadda nake bi zuwa shago da safe. Suna hango ni sai Tela ya ce, "Ga shi can!" Ni kuma ba na tsayawa gaisuwa.

Farkon abin ina tsere musu ina waiwaye ina gwalo. Da na ga tazarar tana raguwa, sai na fara tashi da wuri ina ɗan kaɗa hannu da ƙafa a tsakar gida kafin in fita. Yaya ta kama ni ina yi, na ce mata sauro nake kora. Hawa benen shago ma yanzu ina kai katifa sama ba tare da na ga taurari ba.

Gadon bayan Tela ya miƙe. Mai aski yana ɗaga hannu har ya taɓo fanka. Akawu ya kai wandunansa an rage musu ƙugu, likita har ya tambaye shi sirrin. To ku gaya mini, wa ya sa su gudun? Malam dai hanya kawai ya nuna musu. Ni ne a gaba kullum, su uku suna bina a baya, kuma duk inda aka je a duniya wanda ke gaba shi ne koci.

Sai dai jiya, daidai kwanar shagon katifa, na ji numfashin Akawu a ƙeyata.